Kyandir a Kan Kabarin Baƙo: Da Me Rayayye Zai Saka wa Mamaci?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa Mai kashewa, wanda Ya sanya alheri yana gudana tsakanin bayinSa daga hannu zuwa hannu, Ya kuma sanya tunawa da shi ado ga zukata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, mafi cika alkawarin halitta, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan uwa mai karatu, akwai tambayar da take da sauƙin faɗi amma amsarta tana da nauyi. Idan mutum ya yi maka alherin da ya ci ransa, ya mutu tun ba ka san sunansa ba, da me za ka saka masa? Mai rai ana kai masa tukuici, ana zuwa yi masa ban gajiya, in ya shiga matsi a rama masa. Wanda ƙasa ta rufe fa? Za mu bi wannan tambaya ta hanyar wata al'ada ta mutanen da ba ƙasarmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, domin mai neman gyaran zuciya ba ya raina darasi don ya fito daga nesa.

Jajibirin Nowel a Holten

A gabashin ƙasar Holan, cikin lardin Overijssel, akwai wani ƙaramin gari mai suna Holten. A bayan garin, bisa wani tudu mai itatuwa, akwai maƙabartar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu mai kaburbura kusan 1,400, kuma 1,355 daga cikinsu na ƴan Kanada ne. Kowace shekara ranar 24 ga Disamba, jajibirin sallar Nowel wadda wasu ke kira Kirsimeti, ɗaruruwan yaran lakwal sukan hau tudun da yamma. A wannan lokaci na shekara rana tana faɗuwa a can tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, sanyi kuwa ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. Yaran sukan bi layi-layi suna ajiye kyandir gaban kowane kabari, har sai babu wanda ya saura cikin duhu.

Al'adar ta soma a 1991. Wata mata ƴar asalin ƙasar Finlan ce ta kawo ta, domin a ƙasarsu mutane sun saba zuwa maƙabarta a jajibirin Nowel su kunna wa iyayensu da kakanninsu kyandir. Su kuwa waɗannan sojoji danginsu suna can ƙetaren tekun Atilantika, ba mai zuwa gare su a wannan dare. Sai mutanen garin suka tsaya a madadin dangi. Daga baya abin ya bazu zuwa wasu maƙabartun yaƙi na ƙasar, ciki har da ta Groesbeek inda ƴan Kanada sama da 2,300 ke kwance, da ta Bergen op Zoom inda suke kusan 1,000.

Asalin bashin

Ka sani, ɗan uwa, wannan kyandir yana da tushe. Jamus ta mamaye Holan a watan Mayu na 1940, ta riƙe ta shekara biyar. A ƙarshen 1944 aka ɗora wa rundunar Kanada aikin buɗe bakin kogin Scheldt don jiragen ruwa su isa tashar Antwerp, kuma cikin laka da ruwan sanyi na wannan gwagwarmaya sojojinta sama da 6,000 aka kashe ko aka raunata ko aka kama. A daidai lokacin ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan suka shiga yajin aiki don taimakon masu zuwa ceto, sai Jamusawa suka rama ta hanyar hana kai abinci yammacin ƙasar. Sanyi ya yi tsanani, magudanan ruwa suka daskare, yunwa ta kashe mutane wajen 20,000. Har albasar furen tulib mutane suka dafa suka ci. Mu da muka san farin 1973 da na 1984 ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da yunwa ke yi wa gida ba.

Ranar 5 ga Mayu 1945, a garin Wageningen, Janar Charles Foulkes na Kanada ya karɓi miƙa wuyan sojojin Jamus da ke Holan. Kafin a kai ga wannan rana ƴan Kanada sama da 7,600 sun mutu a fafutukar ƴantar da ƙasar. Ita Kanada babu wanda ya mamaye ta. Mutanenta a lokacin wajen miliyan 11 ne, sama da miliyan ɗaya suka sa kayan soja, wajen 45,000 ba su komo ba, kuma mafi yawan waɗanda suka ƙetare teku da kansu suka ba da sunansu.

Ba za a ce kowanensu ya fito don son mutanen Holan ba. Wani rashin aiki ne ya kai shi, wani ƙuruciya da son ganin duniya, wani ya bi abokansa. Amma auna niyya aikin Allah ne. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya tsayawa tambayar mai igiya dalilinsa kafin ya gode, kuma in ka ji mutum yana tone-tonen niyyar wanda ya yi masa alheri, sau da yawa hanyar rage bashin yake nema.

Me ya sa aka bar su can

Mai karatu zai iya tambaya, don me ba a mayar da gawarwakin gida ba? Tun Yaƙin Duniya na Farko, a 1917, ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila suka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, kuma aka yanke cewa ba za a mayar da gawa gida ba. Dalili shi ne in an buɗe ƙofar, masu kuɗi za su ɗauke nasu, ɗan talaka ya saura shi kaɗai. Aka kuma yanke cewa dutsen kabarin janar da na ƙaramin soja iri ɗaya ne, girma ɗaya. A kan na ƴan Kanada akwai ganyen itacen da ke tambarin ƙasarsu, da suna, da muƙami, da ranar mutuwa, sau da yawa da shekaru. A ƙasa an bar wa dangi ɗan fili su rubuta ƴan kalmomi. Wanda ba a gane gawarsa ba, an rubuta masa abin da ke nuna cewa Allah Ya san shi. Iyaye mata da yawa sun yi kuka da wannan hukunci, kuma kukansu gaskiya ne, domin akwai wadda ta tsufa ta mutu ba ta taɓa ganin inda aka sa ɗanta ba.

Rufe mutum inda ya faɗi ba baƙon abu ne gare mu ba. Bayan yaƙin Uhudu, lokacin da wasu suka ɗauki mamatansu zuwa Madina, Annabi (S.A.W.) ya yi umarni a mayar da su inda suka faɗi. A can Sayyidina Hamza yake, a can Mus'abu ɗan Umairu yake, mutumin Makka da ya tashi cikin wadata ya mutu a baƙunci, mayafinsa bai isa ya rufe kansa da ƙafafunsa tare ba. Kuma Annabi bai bar su ga mantuwa ba, ya koma gare su bayan shekara takwas kamar mai ban kwana. Ba muna daidaita matsayin shahidan Uhudu da na kowa ba ne, Allah Ya tsare. Abin lura kawai shi ne, idan aka rufe mutum nesa da danginsa, nauyin tunawa da shi yana komawa kan waɗanda ke kusa da kabarin.

Nowel kuma tana da nata ciwo ga ƴan Kanada. Ranar 25 ga Disamba 1941 Hon Kon ta faɗa hannun Japan. Cikin sojojin Kanada 1,975 da aka aika can, 290 sun mutu a faɗan, sama da 260 kuma suka mutu a sansanonin fursuna. Cikinsu akwai John Osborn, wanda ranar 19 ga watan ya faɗa kan gurneti don ya kare mutanensa, kuma ba shi da kabari sananne, sai suna a jikin bangon tunawa na Sai Wan. Bayan shekara biyu, a Disamba 1943, sojojin Kanada suna faɗa gida-gida a garin Ortona na Italiya. Ranar Nowel aka shirya wa wata bataliya abinci cikin wata majami'a da yaƙi ya taɓa, suna zuwa rukuni-rukuni su ci su koma fagen fama, kuma akwai waɗanda wannan ne cinsu na ƙarshe. Ƴan Kanada 1,375 suna kwance a maƙabartar kogin Moro kusa da garin. Ban da wannan, Nowel a wurinsu ranar taruwar iyali ce, kamar yadda Salla take gare mu, kuma ranar taruwa ce ke nuna gurbin wanda babu.

Mamaci ai ba ya gani

Ga ƙalubale na farko, kuma ba ƙarami ba ne. Wani zai ce: wanda ke cikin kabari kyandir ba ya ɗumama shi, ba ya ƙara masa kwana ɗaya. Kuɗin kyandir da a ba mayunwaci ai ya fi. Har ya kawo karin magana ya ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Gaskiya ne kyandir ba ya biyan komai. Saurayi ɗan shekara ashirin ya ba da shekara hamsin ko sittin da zai yi, da auren da bai yi ba, da ƴaƴan da bai haifa ba. Babu ma'aunin da za a ɗora wannan a gefe ɗaya a ɗora wutar dare ɗaya a ɗaya gefen. Amma a nan ne darasin yake. Godiyar da muka saba yi wa masu rai kusan kullum tana gauraye da fata. Muna gode wa mai kuɗi muna hangen kyautar gobe, muna gode wa mai mulki muna tsoron fushinsa. Shi ya sa aka ce yaba kyauta tukuici, wato akwai ƴar ciniki a ciki. Mamaci kuwa ba zai ƙara maka ba, ba zai yi fushi ba, ba zai gaya wa kowa ka zo ko ba ka zo ba. Don haka godiya gare shi ce take fito da abin da ke cikin zuciya tsantsa. Wanda ya iya tsayawa cikin sanyi don wanda ba zai taɓa ce masa sannu ba, ya ɗanɗana wani abu na ihlasi, ko da bai san sunan abin ba.

Malaman tarbiyya sun koya mana cewa ni'ima daga Allah take, bawa sababi ne kawai, amma raina sababi rashin ladabi ne ga Wanda Ya zaɓe shi Ya aiko da ni'imar ta hannunsa. Zuciyar da ta saba mance hannun da take gani, da wuya ta tuna Mai bayarwar da ba ta gani. Gafala ba ta da ɗaki biyu, ɗaya na mutane ɗaya na Ubangiji. Cuta ɗaya ce, kuma maganinta tunawa. Ashe ke nan amfanin kyandir yana komawa ga mai kunnawa: yana hana shi zama mutumin da ya ci ya goge baki.

Batun mayunwaci kuwa, ba a taɓa ganin tunawa da alheri ta hana mutum yin alheri ba. Wanda ya san an cece shi daga yunwa shi ya fi saurin buɗe rumbu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A lokacin yaƙin, Gimbiya Juliana ta Holan ta yi gudun hijira a Ottawa, a can ta haifi ƴarta Margriet a watan Janairu 1943. Da yaƙi ya ƙare aka aika wa Kanada albasar tulib 100,000, kuma har yau ana aika dubbai kowace shekara. Abin da aka ci don tsananin yunwa shi ya koma kyautar godiya.

Yaron da bai ci bashi ba

Ƙalubale na biyu ya fi na farko zurfi. Yaron da ke ɗauke da kyandir a yau an haife shi bayan yaƙin da shekara sittin ko saba'in. Bai roƙi kowa ya mutu dominsa ba. Da wane haƙƙi za a ɗora masa bashin da bai ci ba?

Amsa ita ce babu ɗan Adam da ya taɓa soma rayuwa ba bashi a kansa. Rijiyar da ka sha ba kai ka gina ta ba, gawon da ke tsakiyar gonarku ba kai ka raine shi ba, harshen da kake magana da shi da karatun da ka samu duk gado ne. Wanda ya karɓi gadon gida ba ya cewa bashin gidan bai shafe shi ba. Yaron Holten yana zuwa lakwal ba tsoro, yana magana da harshen iyayensa, ba a tsayar da ubansa a hanya a tambaye shi takarda. Yana cin amfanin, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da manya ke yi shi ne su nuna masa farashin, don kada ya ɗauka zaman lafiya kamar iska yake, kyauta ba mai biya.

Ahalin ɗariƙa sun fi kowa sanin wannan. Muna riƙe da silsila, muna ambaton shaihunnan da ba mu gani ba suna bayan suna, domin mun yarda abin da ke hannunmu ta hannunsu ya biyo. Bashin da ba a iya biya ga mai shi, hanyar sauke shi ɗaya ce: a riƙe amanarsa a miƙa wa na baya. Shi ya sa hikimar mutanen Holten take cikin ba yara kyandir, maimakon a bar abin ga hukuma da masu jawabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya durƙusa ya karanta suna, ya ga shekara goma sha tara a jikin dutse, ya lissafa ya ga bai wuce wansa ba, ya koyi abin da littafin tarihi ba zai koya masa ba. A Groesbeek har akwai masu aikin sa kai da ke neman hoto da tarihin rayuwar kowane soja, don lamba ta koma mutum.

Girmama soja ko girmama yaƙi

Ƙalubale na uku dole a tsaya masa. Sau nawa aka ga masu mulki suna amfani da kaburburan jiya don su tara samarin da za su cika na gobe? Tunawa da matattun yaƙi tana iya zama ganga. Kuma a cikin Holan ɗin nan, a Ysselsteyn, akwai maƙabartar Jamusawa mai kaburbura sama da 31,000, da yawansu samari ne su ma, kowanne da uwar da ta yi kukansa.

A nan sai a rarrabe haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin ɗan Adam don kasancewarsa rai, wannan na kowa ne. An ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude sai Annabi (S.A.W.) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya nuna cewa ai rai ce. Da wannan haƙƙi ake rufe gawar abokin gaba, a kiyaye kabarinsa, a bar danginsa su zo. Sannan akwai haƙƙin alheri, wannan na wanda ya yi alherin ne. Adalci bai ce a daidaita wanda ya zo ya ƙwace gida da wanda ya zo ya fitar da shi ba. Mutanen Holan suna iya barin Bajamushe ya kwanta lafiya cikin ƙasarsu, su kuma keɓe ɗan Kanada da godiya, ba tare da sun saɓa wa kansu ba.

Ma'aunin da za a gane tunawa ta gari da shi kuwa shi ne abin da take bari a zuciya. In mutum ya bar maƙabarta yana jin ƙaiƙayin faɗa da ƙin wata al'umma, an yi amfani da matattu an cuce shi. In ya fito jikinsa ya yi sanyi, yana ganin tsadar rai, yana tsoron ranar da za a sake haƙa irin waɗannan ramuka, to ziyarar ta yi aikinta. Kaburbura 1,400 da wuta gaban kowanne ba sa kama da kirarin yaƙi, domin ido yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu da ba al'adarmu ba ce

Wajibi ne a faɗi wannan a fili. Nowel ba idinmu ba ce, kuma malamai da yawa sun hana kunna fitila a kan kabari. Ziyararmu sallama ce da addu'a da wa'aztuwa. Makomar waɗannan sojoji a lahira kuma tana hannun Wanda Ya halicce su, ba mu da ta cewa. Saboda haka ba kira ake yi a kwaikwayi siffar aikin ba. Halin da ke ƙarƙashinsa ake nufi, wato wafa'i, kuma wannan namu ne tun asali.

Dubi Muɗ'imu ɗan Adiyyu. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya komo daga Ɗa'ifa, shi ne ya ba shi mafaka ya shiga Makka ƙarƙashin kariyarsa, ya fito da ƴaƴansa da makamai don su tsare shi. Muɗ'imu ya mutu bai musulunta ba. Amma bayan Badar, ga fursunoni a hannu, Annabi ya ambace shi, ya nuna cewa da yana raye ya nemi a sake su da ya sake masa su. Mutumin ya mutu, ba ya ji, ba addini ɗaya ba, kuma duk da haka ba a bar alherinsa ya bi shi cikin ƙasa ba. Haka kuma bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Wannan ya nuna mana wata ƙofa: in mai alheri ya wuce, ana kai sakayya ga waɗanda ya bari da abin da ya so.

Waɗanda ba a kunna wa ba

Akwai wani gefe da kyandir ɗin Holten ke haskawa, kuma ya shafe mu kai tsaye. A wannan yaƙi da tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Faransa ta ɗebi samari daga duk yammacin Afirka, har da ƙasar Nijar, ta haɗa su ƙarƙashin sunan sojojin Senegal. A watan Yuni 1940, a Chasselay kusa da Liyon, Jamusawa suka ware baƙaƙen fata daga cikin fursunoni suka karkashe su. An gina musu maƙabarta mai jan bango irin ginin ƙasashenmu, inda kusan 200 ke kwance. Amma ranar 1 ga Disamba 1944, a Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa ne da kansu suka buɗe wuta kan waɗanda suka komo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu na kuɗi, kuma har yau ana jayayya kan adadin waɗanda suka mutu. Ƴan uwanmu na Nijeriya kuma Ingila ta kai su Bama, wasunsu suna kwance a Taukkyan kusa da Yangon.

Ita kanta hukumar da ta yi alkawarin daidaita janar da ƙaramin soja, a 2021 ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, mafi yawansu ƴan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, har gwamnatin Ingila ta nemi afuwa a majalisa. Wannan bai rage darajar ɗan Kanada da ke Holten ba, bai kuma sa kyandir ɗin yaran ya zama ƙarya ba. Abin da ya nuna shi ne godiya ma tana iya yin son kai, ta ga wani ta tsallake wani. Godiyar da ta cika ita ce wadda in an nuna mata wanda ta mance sai ta faɗaɗa.

Kuma kafin mu tuhumi na nesa, sai mu tambayi kanmu. A gidaje nawa na Maradi da Damagaram da Tawa akwai kakan da aka tafi da shi bai komo ba, jikokinsa ba su san ko sunan ƙasar da ya faɗi ba? Tsofaffin sojojin da suka komo, su nawa muka zauna muka saurara kafin su wuce? In baƙi sun iya riƙe sunan baƙo shekara tamanin, mu me ya hana mu riƙe na jininmu?

Abin da ya rage

To, ɗan uwa, da me rayayye zai saka wa mamaci? Ba zai iya biya ba, kuma sanin haka shi ne farkon ladabi. Abin da ke hannunsa shi ne ya riƙe sunan, kada ya bar shi ya narke cikin adadi. Ya kyautata wa waɗanda mamacin ya bari. Ya kiyaye abin da aka mutu dominsa, domin wanda aka saya wa zaman lafiya da jini sannan ya watsar da shi kan ƙaramar husuma ya ci amana, ko da kyandir dubu ya kunna. Sannan ya kama hannun yaro ya kai shi ya gani. Ga namu mamata Musulmi kuma muna da abin da ya fi wuta isa gare su, wato addu'a da sadaka da neman gafara.

Kowanenmu yana da nasa kabarin baƙo: malamin allo da ya rasu ba mu koma gidansa ba, ungozomar da ta karɓi haihuwarmu, wanda ya ba iyayenmu hatsi a shekarar fari, wanda ya tsaya a bakin iyaka ya faɗi muna barci. Ya kamata mutum ya zauna a daren nan ya lissafa su da sunayensu, wanda ya bar iyali a neme su, wanda bai bari ba a yi alheri saboda shi.

Allah Ya sanya mu cikin masu godiya, Ya tsare zukatanmu daga gafala da butulci, Ya jiƙan magabatanmu da shaihunnanmu, Ya kashe wutar yaƙi a ƙasarmu da sauran ƙasashen duniya, Ya sa mu cika da imani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.